HANNU DA ƘWAƘWALWA: Ranar da ƙaramin Aradunmu ya kife a gulbin Argungu

A makon jiya mun yi bayanin haɗa fitilar karatu da batir biyu, na kuma ji daɗin saƙonnin waɗanda suka gwada ta kama. Waɗanda tasu ta ƙi kamawa, ku juya ƙafafun ƙwan, yawanci nan matsalar take.

Yau labarin wani aiki zan ba ku, wanda ya cinye mini hutu ɗungurungum, ya kuma kunyata ni a gaban yaran unguwa kafin ya faranta mini rai.

Ƙanena yana aji biyar a wata sakandare a nan Birnin Kebbi. Da makarantarsu ta sanar da baje kolin kimiyya da ƙere-ƙere, sai ya miƙa sunansa, ya ce zai kawo jirgin ruwan yaƙi. Bai shawarci kowa ba. Da na dawo gida hutu daga jami'a ya tare ni tun a zaure, ya ce, “Yaya, na riga na faɗa a gaban aji, ka rufa mini asiri.” Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, a zangon da ya gabata maki 34 ya ci a lissafi. Babanmu tela ne, kuma ya riga ya yanke hukunci: in sakamako bai gyaru ba, an daina wasan gwangwani a gidan nan, duk yamma a shago zai riƙa yin ta yana sa maɓalli. Na roƙi Baba ya ba mu hutun nan kawai. Ya dube ni ya ce, “To, mu gani. Amma ko sisina ba za ta shiga ba.”

Me ya sa muka zaɓi Aradu?

Da yawanku ba ku taɓa ganin teku ba, ni ma haka. Amma ku sani cewa jirgin da ya daɗe yana riƙe da matsayin babban jirgin yaƙin sojojin ruwan Najeriya sunan Hausa gare shi: NNS Aradu, mai lamba F89. Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus, ya fara aiki a shekarar 1982. Tsawonsa mita 125.6, faɗinsa mita 15, wato ya fi filin ƙwallo tsawo. A gabansa akwai babbar igwa mai bakin milimita 127, a bayansa kuma akwai filin saukar jirgi mai saukar ungulu. A shekarar 2005 ya je har Ingila, ya shiga jerin jiragen ƙasashen duniya da suka taru don cikar shekara 200 da yaƙin Tirafalga. Ba shi kaɗai ke da sunan Hausa ba, an yi Dorina, an yi Damisa, ga Kada, ga kuma Karaduwa mai sunan kogin nan na ƙasar Katsina.

Wani abu kuma ya ja hankalina. Aradu shi ne na farko a jerin jiragen da ake kira MEKO. Dabarar masu ƙera su ita ce, ba a gina makamai da na'urori a jikin jirgi kai tsaye. Kowanne ana haɗa shi daban a cikin akwatinsa, sannan a ɗauko a zura shi a gurbin da aka bar masa. In ya lalace a zare shi a sa wani. Wannan dabara ta dace da mai aiki a tsakar gida: yau ka yi igwa, gobe ka yi ɗakin matuƙa, jibi ka yi bututun hayaƙi, a ƙarshe ka jera kowanne a mazauninsa.

Ma'auni kafin wuƙa

Bambancin abin wasa da samfuri shi ne ma'auni. Motar kara da muka yi muna yara, yadda ta zo haka ta zo. Samfuri kuwa, kowane sashe nasa sai an rage shi da adadi ɗaya. In an rubuta 1:200, ana nufin santimita 1 a jikin samfuri tana wakiltar santimita 200 a jikin jirgin gaske.

Da farko ƙanena ya so 1:100, saboda lissafinsa ba wuya. Na ce ya buga mu gani. Mita 125.6 santimita 12,560 ke nan, a raba da 100, an sami santimita 125.6. Na tambaye shi wane ɗan kabu-kabu ne zai ɗauke shi da abu mai wannan tsawo ya kai shi makaranta bai karye ba. Muka koma 1:200. Tsawo ya zama santimita 62.8, faɗi 7.5. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai koma milimita 8.5, ya ɗan ɗara ƙwayar shinkafa. Shingen gefen jirgi mai tsayin kamar mita 1 zai koma milimita 5.

Ba mu da zanen injiniyoyi, sai hotuna. Muka nemo hoton da aka ɗauki jirgin daga gefe sosai, muka buga shi a takarda. Tsawon jirgin a takardar ya zo santimita 25. Muka raba 62.8 da 25, ya ba mu kusan 2.5. Daga nan duk abin da muka auna a hoto sai mu ninka shi sau biyu da rabi. Ku kula, hoton da aka ɗauka a karkace ba ya yin wannan aiki, domin abin da ke kusa da kyamara yana ƙara girma, na nesa yana raguwa. Na sa ƙanena ya buɗe shafi a littafinsa mai layi uku: sunan sashe, awonsa a hoto, awonsa a samfuri. Sassa 41 ya lissafa da hannunsa, ban bar shi ya taɓa kalkuleta ba. Bai lura cewa darasin da ya faɗi a jarrabawa ne yake ta maimaitawa ba.

Kuskuren farko

A nan ne gaggawa ta ci mu. Muka manna gwangwala huɗu, muka fafe su da wuƙa suka yi siffar jirgi, ba rami a ciki. Ɗakunan sama muka yanka su da guntayen katako daga wurin kafinta, muka lulluɓe da gwangwanin madara don su yi ƙyalli. Dogon turken na'urori muka yi shi da ƙusa mai inci huɗu. A kan tebur, wallahi, abin ya yi kyau. Har maƙwabta suna leƙowa.

A mako na uku muka tafi Argungu gaida kakarmu, muka tafi da shi a cikin kwali. Da yamma muka gangara bakin gulbi inda kwalekwale ke tsayawa. Kafin mu kwance kwalin yara sun kewaye mu. Na ɗaura masa zare, ƙanena ya sunkuya ya ɗora shi a kan ruwa. Ya nutse fiye da yadda muka zata, ya yi ɗan rawa, ya karkata dama, sai ga cikinsa a sama. Ko ƙirga biyar ba a yi ba. Yara suka fashe da dariya, wani yana cewa aradu ta faɗa ruwa. Na dubi ƙanena, idonsa ya kawo ruwa.

Akwai wani dattijo a gefe yana gyaran homa. Ya miƙo hannu ya ce a ba shi. Ya juya shi, ya ɗora a tafin hannu, ya girgiza kai. Ya ce, “Ɗana, wanga jirgi naku kai gare shi, ba shi da ciki.” Na ce, “Baba, yi mana bayani.” Ya nuna wani kwalekwale da ake wa lodin shinkafa, ya ce mu duba inda ake jera buhunan. A ƙasa, a tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ce shi ya sa in an shiga jirgi ake cewa kowa ya zauna, domin mutum uku in suka miƙe tsaye a gefe guda sun isa su kifar da jirgin da ya ɗauki mutum ashirin a zaune. Ya ƙara da cewa kowane jirgi yana da iyakar inda ruwa zai kai masa, mai jirgin ƙwarai ya san wurin ko da ba a zana ba.

Abin da dattijon nan ya faɗa a taƙaice shi ne abin da ke cikin littafin fiziks ɗinku a babi biyu. Na farko, ƙa'idar Arkimidis, masanin nan na tsibirin Sisili da ya rayu fiye da shekara 2,200 da suka wuce: abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Na biyu, cibiyar nauyi: in ta yi sama, da zarar jirgi ya ɗan karkata sai nauyin ya ƙara ja shi can. In ta yi ƙasa, sai ta dawo da shi.

Da muka dawo gida na ba ƙanena labarin Vasa don ya huce. Jirgin yaƙi ne da Sarkin Suwidin ya sa aka ƙera masa, mai igwa 64, an ƙawata shi da sassaƙe-sassaƙe. A shekarar 1628, ranar fitarsa ta farko, jama'a sun cika bakin ruwa a birnin Istokhom suna kallo, iska ta ɗan kaɗa shi, ya karkata, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse bai yi tafiyar kilomita biyu ba. Dalili, nauyi ya yi yawa a sama. Sai a 1961 aka ciro shi, yanzu yana gidan tarihi. Na ce masa, in masu ƙera wa sarki jirgi sun yi wannan kuskure, mu da gwangwalarmu ba abin kuka ba ne.

Amma kada mu ɗauki maganar wasa. Mu 'yan Kebbi ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse a kogin Neja da mutane fiye da ɗari, hukumomi kuma suka ambaci lodi fiye da ƙima cikin dalilan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da yawanku kuna shiga kwalekwale zuwa makaranta ko kasuwa, musamman da damina. Abin da za ku gani a cikin baho da ɗan samfuri, shi ne ke faruwa a gulbi da rayukan mutane.

Nawa ya kamata ya yi nauyi?

Ga lissafin da ya kamata mu yi tun farko. Aradu in ya cika lodi nauyinsa kimanin tan 3,360 ne, wato kilo 3,360,000. Kada ku ce za ku raba da 200. Mun rage tsawo sau 200, mun rage faɗi sau 200, mun rage zurfi sau 200. Saboda haka girman jiki ya ragu sau 200 × 200 × 200, wato 8,000,000. In aka raba 3,360,000 da 8,000,000 ana samun kilo 0.42. Giram 420 ke nan, bai kai nauyin ledar ruwan sha ɗaya ba, wadda take giram 500.

Ba mu da sikeli, sai muka yi namu. Muka rataye sanda ta tsakiyarta da zare, muka ɗaura leda a kowane gefe. Mililita 1 na ruwa giram 1 ne, don haka da kofin awon maganin yara muna iya haɗa duk nauyin da muke so. Da muka auna jirginmu na farko sai da muka zuba ruwa fiye da mililita 700 kafin sandar ta daidaita. Ga yawa, ga shi kuma duk a sama. Muka tsara kasafi kamar na kuɗi: gangar jiki giram 150, ɗakunan sama da duk kayan ado giram 70, sauran 200 nauyin da za a kwantar a can ƙasan ciki.

Gini na biyu

Wannan karon muka bi yadda ake gina jirgin gaske. Muka yanka ƙashin baya da siririn filawud mai tsawon santimita 62.8, muka yanka haƙarƙari goma, na tsakiya masu faɗin 7.5, suna tsukewa zuwa gaba. Kowane haƙarƙari mun fara zana rabinsa a takarda da aka ninke biyu, sannan muka yanke muka buɗe, don dama da hagu su zo daidai. Muka fafe tsakiyarsu don rage nauyi. Daga nan muka tsaga cikin gwangwala siri-siri, muka riƙa manna su ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, muna riƙe su da fil ɗin Baba har gam ya bushe. In ka manna ɗaya a dama, manna ɗaya a hagu nan take, in ba haka ba jikin zai murɗe.

Ramukan da suka rage muka cike su da garin katako da aka kwaɓa da farin gam na kafintoci. Bayan kwana ɗaya muka bi da sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Sau uku muka yi haka. Farin gam ba ya jure ruwa, saboda haka muka shafe ciki da waje da fentin mai har shafi uku, kowane shafi sai ya kwana.

Nauyin ƙasa kuwa, tsofaffin notina da ƙwallayen boris muka roƙo a wurin mai gyaran babur. Muka sa gangar jikin a baho, muka riƙa jera su a kan ƙashin baya har ya zauna sosai, gaba bai nutse ba, baya bai ɗaga ba. Sai da muka gamsu sannan muka manne su, domin nauyin da ke gangarawa a cikin jirgi ya fi rashinsa haɗari. Wasu za su ce ku fasa tsohon batir ku ciro dalma. Kada ku yarda. Dalma guba ce, ruwan batir kuma yana ƙona fata.

Kayan ado daga bola

Nan ne daɗin aikin yake, nan ne kuma ido ke buɗewa. Da ka san girman abin da kake nema, sai ka riƙa ganinsa a ko'ina.

Ɗakunan sama da kwalin magani muka yi su, a ciki muka sa farar kumfar nan da ake tallafe sabon rediyo ko firji da ita. Ku kiyaye, gam mai kamawa nan take da fentin mai duk suna narkar da wannan kumfa. Mun yi asarar ɗakin matuƙa guda kafin mu gane. Farin gam kaɗai za ku sa mata, kuma ku rufe ta da kwali kafin fenti. Tagogi ba mu huda su ba, baƙar leda muka yanka ƙanana muka liƙa.

Babbar igwar gaba: jikinta guntun gwangwala ne da aka goge, bakinta kuma allurar ɗinki da aka datse wa tsini. Lissafi ya nuna ramin bakin bai kai milimita 1 ba a ma'auninmu, don haka bututun biro da ƙanena ya so sakawa ya yi kauri nesa ba kusa ba. Ƙananan igwogi huɗu masu kai kamar ƙwarya, ƙoƙunan ledar ƙwayar magani muka yanko, kowanne muka soka masa gajerun wayoyi biyu. Na'urar hango abokan gaba mai siffar ƙwai, dutsen ado ne daga tsinkakkiyar sarƙar ƙanwarmu, ragowar sarƙar kuma ta zama sarƙar anga. Ita ta kawo da kanta, da sharaɗin a rubuta sunanta cikin maƙera, kuma an rubuta. Faifan rada mai juyawa, gidan sauro ne da aka shafa wa gam ya sandare. Gangunan kwalekwalen ceto, sandar alawa ce aka yanka milimita shida-shida. Bututun hayaƙi biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, kwali ne, muka shafa garin gawayi a bakinsu.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shingen gefe. Muka fere tsohuwar wayar lantarki muka zaro siraran zaren tagulla. Muka kafa fil a jere a kan katako, muka ja zaren a miƙe layi uku, muka gitta gajeru a kowace milimita 8, muka ɗiga gam da bakin tsinke a kowace mahaɗa. Daren farko tsawon ɗan yatsa kawai muka samu. Sai da muka yi dare shida. Shawarata, in hannunku ya fara rawa ku ajiye, gobe ma rana ce.

Fenti: fari da ɗan baƙi kaɗan da ɗigon shuɗi suna ba da ruwan tokar jiragen yaƙi. Ku kwaɓa mai yawa lokaci guda, don in ya ƙare ba za ku sake samun irinsa daidai ba. Ƙasan jirgi ja mai duhu, da baƙin layi a iyakar ruwa. Don layin ya miƙe, muka zaunar da jirgin a tebur, muka ɗora fensir a kan littafi mai kaurin da muke so, muka zagaya da shi. Lambar F89 a takarda muka rubuta, muka yanke, muka liƙa. A ƙarshe muka goga garin jan bulo kaɗan a ƙarƙashin anga, kamar tsatsa. Kaɗan fa. In ya yi yawa sai ya koma kamar jirgin da aka yar.

Wata safiya muka tashi muka tarar da 'yar tuta kore, fari, kore, ba ta kai faɗin farce ba, an ɗinke bakinta, an ajiye a kan filin saukar jirgin. Ba wanda ya ce shi ya yi. Amma mutum ɗaya ne a gidanmu yake iya irin wannan ɗinki.

Kafin ku fara

Reza da wuƙa, ku riƙa yanka kuna nesanta su daga jikinku, a kan katako, ba a kan cinya ba. Bakin gwangwani yana yanka kamar wuƙa. Gam mai kamawa nan take kada ya kusanci ido. Fenti a yi shi a waje inda iska ke kaɗawa. Kada ku tsinci allurar asibiti don yin bakin igwa. Gwaji kuma a baho ko daro za ku yi shi. Mu da muka je gulbi mun yi ganganci, kuma kakarmu ta faɗa mana abin da ya dace da mu.

Ranar baje koli

Jirgin ya zauna a baho daidai kan baƙin layinsa. Ɗaya daga cikin alƙalai ya danna gefensa da yatsa ya saki, ya yi rawa sau biyu ya miƙe. Ya tambayi ƙanena me ya hana shi kifewa. Ina daga baya ina jin bugun zuciyata. Yaron nan ya ɗauki alli ya rubuta 200 sau uku a allo, ya fitar da giram 420, ya zare ɗakin tsakiya ya nuna musu notinan da ke ciki, ya kuma ba su labarin buhunan shinkafa.

Bai zo na ɗaya ba. Wasu 'yan mata ne suka ci, da akwatin busar da tumatir da hasken rana, kuma sun cancanta, domin nasu zai yi wa manomi amfani gobe da safe. Shi ya zo na uku. Da sakamakon zango ya fito, lissafi 58. Baba ya duba takardar ya daɗe, ya ce saura 42. Har yanzu yana zuwa shago ranar Asabar, amma ba a sake maganar wasan gwangwani ba.

Aiki na gaba

Kada ku zaci jirgin yaƙi sai Turai. NNS Andoni, mai tsawon mita 31, a Legas sojojin ruwanmu suka ƙera shi, ya fara aiki a 2012, Karaduwa ya biyo baya a 2016. Kafin su da ƙarnuka kuma, littattafan tarihin Kabi sun kawo cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular a wajajen 1515 ya zauna a Surame, yana da babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa hamsin, da yake bin gulbi da shi. Shi muke so mu ƙera a hutu mai zuwa. Ga yadda muka fara ƙiyasi: matuƙa 25 a kowane gefe, kowanne a ba shi kamar santimita 90 don ya sami wurin kaɗa filafili, an sami mita 22.5. A ƙara goshi da gindi da mazaunin sarki, mun tsayar da namu a mita 30. Wannan ƙiyasinmu ne, in an tashi baje shi haka za mu rubuta a jikinsa. Za mu fara da ziyarar Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, mu ga makamai da kayan su na da, sannan mu koma bakin gulbi wurin masassaƙa da dattijon nan, mu auna kwalekwale na gaske da tef ɗin Baba.

Ga aikin gida. Na ɗaya, a ma'aunin 1:50, santimita nawa ne tsawon samfurin Andoni? Na biyu, a wannan ma'auni, santimita nawa ne matuƙin Kanta mai tsawon mita 1.7? Na uku, in jirgi yana da nauyin tan 125, giram nawa samfurinsa zai yi a 1:50? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka bi kuka same ta, da sunan makaranta da aji. Wanda kuma ya ƙera wani abu, ko ya yi kyau ko ya kife, ya aiko mana da labarinsa, domin na kifewar ma muna so.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau, kuma in an shiga kwalekwale a zauna.